Suwaitar da Na Saƙa wa Ingunn

Zuwa ga yayana Torgeir,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da ta shekara shida ba ta ga fuskar yayanta ba, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Maureen da yara da jikoki. Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwoyin nan da kafaɗar, Ya sa zafin Ostireliya da ka gudu ka bi yana yi musu amfani. Mu muna nan yadda ka san tsibirin a watan Maris, rana ta fara daɗewa a sama amma ba ta ɗumama komai. Iskar arewa ta kwashe wa maƙwabciyata Gudveig rufin rumfar shanya kifi, ita kuwa ta ce ba za ta gyara ba sai iskar ta gama abin da ya kawo ta. Jikata Tuva ta zubar da haƙoran gaba biyu, duk wanda ya shigo gidan sai ta tare shi ta nuna masa giɓin. Na je na share ƙanƙarar da ta rufe kabarin Inna da na mijina Halvard ran Lahadi, na gaishe maka da su kamar yadda kake cewa in yi.

Yaya, ran da muka yi waya ka tambaye ni Ingunn, na ce maka ta ɗan kwanta amma ta tashi. Ban yi maka ƙarya ba, sai dai abin da na rage ya fi abin da na faɗa yawa. Na ɗauki waya sau uku a makon nan in kira ka, ina jin ta fara ƙara sai in kashe, domin na san da na ji muryarka kuka zan yi, ba za ka fahimci komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannu. Gudveig za ta ɗauki hoton takardun ta turo maka yau, saboda maganar ba ta jiran gidan waya. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko lokacin da kake aikin nutso a rijiyoyin mai muna wata guda ba mu ji ɗuriyarka ba. Ingunn ita kaɗai na haifa, kuma ran Litinin za ta koma cikin ruwa.

Kai ka fara ɗaura mata gilashin nutso a fuska tana 'yar shekara tara, don haka kana da naka kason a wannan fargaba. Shekararta goma sha ɗaya ke nan tana tsinto ƙumbar teku daga jirgin Oddvar, ita da abokin aikinta Jarle suna karɓa-karɓa, ɗaya a ƙasa ɗaya a kan igiya. Ban taɓa sa baki a aikinta ba sai bana. Cikin watan Janairu ta riƙa dawowa gida leɓɓanta shuɗi. Wata rana na miƙa mata kofi, hannunta na rawa har ya zube mata a cinya, ba ta ma ji zafinsa ba. Ta jingina bayanta da murhu fiye da awa guda kafin haƙoranta su daina haɗuwa. Da na matsa mata sai ta ce rigar cikin da take sawa a ƙarƙashin rigar nutso ce ta mutu, shekara biyar ana wanki ta lafe ta zama tsumma, ta yi odar sabuwa amma babu daidai ita sai ƙarshen Fabrairu. Ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina, rawar ɗari ba ta taɓa kashe kowa ba. A lokacin ne na gane abin da kai ka sani tun tuni, cewa rigar wajen ba abin da take yi sai hana ruwa shiga, ɗumin duk yana ga abin da aka sa a ciki.

To ka faɗa mini, me macen tsibirin nan ta sani game da sanyi in ba ulu ba? Ka tuna Inna. Babu wanda ya taɓa fita teku daga gidanmu ba da saƙarta a jikinsa ba, kuma ba ta aike, da kanta take kaiwa bakin tashar jiragen ruwa ta tsaya sai ta ga an sa. Ka tuna wadda ta yi maka kana shekara sha bakwai, mai cizon wuya, da ba ka isa ka cire ba sai jirgi ya wuce hasumiyar fitila. Halvard ya yi shekara talatin yana kamun kifi da saƙata a jikinsa, teku ba ta ɗauke shi ba, a gadonsa ya cika. Da wannan na girma, shi na sani. Sai na karɓo ulun tumakin Gudveig mai ruwan toka, wanda ko man jikinsa ba a gama wankewa ba, na ɗauko kwarashin Inna, na fara saƙa wa Ingunn suwaita. Na yi mata zanen gidanmu a kafaɗa, wanda ake ja da zare biyu, baƙi da fari, ka san yadda wurin yake ninka sauran jikin kauri. Na kuma sake ta sosai yadda muke yi wa masunta, don a iya sa wani abu a ciki. Kwana tara na yi a kanta, ina saƙa ina jin daɗi.

Ran huɗu ga Fabrairu da safe na kai mata tasha, suna cikin loda tukwanen iska. Oddvar na hango ni da ƙunshi ya ɗaga murya ya ce to, ga shi an kawo wa jaririya bargonta, saura bulumboti. Jarle ya ce shi ma maraya ne fa, Goggo ta tuna da shi. Ingunn ta karɓa ta buɗe, ta ce ta yi kyau. Sai na ga ta sa babban yatsa tana latsa zanen kafaɗar hagu, ta ɗago ta dube ni. Wannan kallon yanzu ba ya barin idona. Ta ce, Mama, bari in ajiye a ɗakin jirgi, in na fito sai in sa. Yaya, ga laifina, ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba sai kai. Na ce mata ban yi kwana tara ina saƙa don a rataye ta a ƙusa ba. Na ce a sama tana da murhu da kofi, a can ƙasa ne ba ta da kowa. Na ce Inna ba a taɓa mayar mata da saƙa a bakin tasha ba. Sannan na harɗe hannu na tsaya, tsayuwar Inna sak, a gaban abokan aikinta. Ta yi murmushi ta sa ta a kan tsohuwar rigar cikin, ta jawo rigar nutso a kai. Jarle ya sha fama kafin zif ɗin baya ya rufu, yana cewa yau kam buhun dankali za su jefa a teku. Na koma gida ina ganin na yi abin kirki.

Sauran labarin daga bakin Oddvar na ji shi. Ya ce ta ƙara dalmar da ke danne mai nutso ƙasa, kilo biyu a ɗamara, da ka kawai, ba a gwada ba, don ruwa ya fara janyewa suna sauri. Nutson farko ba zurfi, ta fito tana murna, ta ce rabonta da jin ɗumi a ƙasa tun kafin Kirsimeti, uwarta ta fi kamfani iya aiki. Da ta ji sanyi ko takura a lokacin da ta cire, amma ɗumin ya rinjaye ta. Na biyun suka koma wajen duwatsun yamma, mita ashirin da shida. Ta cika raga, Jarle ya janye ragar, ta fara tasowa. Kai ba sai an gaya maka ba, ni ce sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani: mutum na tasowa iskar da ke cikin riga tana kumbura, dole ya ɗaga kafaɗar hagu ta fita ta bawul, ɗan bakin fitar da iskar nan da ke kafaɗar rigar, in ba ta fita ba ita za ta ɗauke shi. Ta ɗaga kafaɗa, babu abin da ya fita. Ta danna da hannu, shiru. Ta ce ta ji rigar tana cika, ƙasa tana nisa da ita, tana harba ƙafa ƙasa amma sama take yi. Sai da ta ja robar wuya da hannu biyu iskar ta fita, ruwan ƙanƙara ya shiga, amma ta riga ta wuce inda kuke tsayawa ku jira kafin a fito. Oddvar ya ce yana duba agogo sai ya ga ta ɓullo har ƙugu a gefen jirgi, minti bakwai kafin lokacinta.

Ina fere dankali na ji jirgin sama mai saukar ungulu ya wuce ta kan gida ya nufi yamma. Ka san tsibirin nan, in ya wuce kowa sai ya ajiye abin da yake yi ya tuna wa yake da shi a teku. Ban ko ajiye wuƙar ba Gudveig ta faɗo kicin da takalman waje a ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara arba'in, daga nan na sani. Sun sa mata oksijin tun a jirgi, amma kafin a ɗauke ta ƙafafunta sun daina ji. A babban asibiti aka rufe ta cikin tankin nan na ƙarfe da ake matsa wa mutum iska, irin wanda kai ka kwana a ciki ba sau ɗaya ba. Na leƙa ta ta wani ɗan gilashi zagayayye, tana kwance da abin numfashi a fuska, ta ɗaga mini yatsa wai lafiya lau. Na ce wa likitan ya faɗa mini gaskiya, ya ce a jira. Kwana uku ana shigar da ita ana fitarwa, ni ina zaune a benci ina tunanin yadda zan gaya wa Tuva. Ran na biyar ta taka da ƙafarta. Yanzu saura wani ɗan wuri a tafin ƙafar hagu da ba ta ji, in ta taka ƙasa mai sanyi ba ta sani.

Da masu bincike suka zo ta ce musu laifinta ne, ta ƙara kaya a ciki ba ta gwada ba. Ba ta ce wane kaya ba, ba ta ce wa ya kawo ba. Ni ma ba ta taɓa ce mini uffan ba, har na fara lallashin kaina cewa bawul ɗin ne ya lalace. Sai da aka yi mako biyu Jarle ya kawo mini suwaitar a leda, ya ajiye a bakin ƙofa zai juya. Na ce ya tsaya. Na buɗe ta, ta bushe da gishiri ta yi tauri. A kafaɗar hagu, a tsakiyar zanen Inna, ga shatin bawul zagayayye ya nutse cikin ulun kamar an danna gindin kofi. Na tambaye shi ko wannan ne. Ya ce haba Goggo, ki bar maganar, ai ta wuce. Na ce ya dubi idona. Ya sunkuyar da kai ya ce ulun ya tattare ne ya toshe bakin daga ciki, kuma kaurin ya riƙe iskar da dalmarta ba ta kai ta danne ba. Ya ce da su ma sun yi hankali da sun hana, amma wa zai ce wa uwa a'a a bakin tasha. Bayan ya tafi na zauna a matakala da ita a cinya.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya duba ta makon jiya ya ce za ta iya komawa. Na so ya hana, Allah Ya yafe mini, har addu'a na yi ya hana. Kayan da ta yi oda sun iso, ta kuma karɓo wasu na gwaji, suna nan shimfiɗe a teburin kicin ɗina kwana huɗu, a gefe muke cin abinci. Na jikin fata ba gardama a kansa, ulu ne siriri mai kama jiki, ta ce auduga ba ta shiga ko kusa, don gumin da mutum ya yi wajen loda kaya shi ke zame masa ƙanƙara a ƙasa. Rigar da ake ɗorawa a kai ce matsalar. Akwai mai kauri ta hunturu, haɗe daga wuya zuwa idon sawu, bayanta santsi, da 'yan huji a kafaɗa daidai inda bawul ke zama don iska ta samu hanya. Akwai matsakaiciya. Akwai kuma siririya da suke sawa da kaka lokacin da ruwa bai gama hucewa ba. Oddvar ya zo ya sha kofi uku ya ce mai kaurin za ta sa, a ƙara dalma a gwada, shi bai ga abin shawara ba. Jarle ya ce a haɗa matsakaiciyar da 'yar shara mai batir da ke ɗumama jiki, Oddvar ya ce shi ba ya jefa mutum a ruwa da wayar lantarki a ƙirji, in batirin ya mutu a ƙasa fa, ubanka zai kai mata caji? Suka yi ta yi. Da suka tafi Ingunn ta naɗe siririyar ta sa a jakarta.

Yaya, ruwan digiri biyar ne, kuma kai ka ce mini Maris ya fi Janairu mugunta a ƙasa. Na ga yadda take taɓa mai kaurin ta janye hannu. Tsoron kauri ya shige ta, ni na sa mata shi. Na ji tana ce wa Jarle a waya gara ta yi rawar ɗari da ta sake jin riga na cika. Ni kuwa ban manta labarin da ka ba mu ba na abokin aikinka da sanyi ya kashe wa yatsu har ya kasa buɗe ƙugiyar igiyarsa, da yadda ka ce sanyi na shiga kan mutum ya riƙa lissafi a hankali bai sani ba. Ka kuma ce jikin da ya sandare ba ya fitar da iskar nan da ke shiga jini yadda ya kamata, ita kuwa ta riga ta kamu sau ɗaya. In ta sa mai kauri ina tsoro, in ta sa siririya ina tsoro, ban san wanne ya fi ba. Kuma ba ni da bakin magana. Shekaranjiya na buɗe baki zan ce wani abu, ta ɗago ta dube ni, sai na ji kaina ina tambayarta ko in ƙara mata miyar kifi. Uwar da saƙarta ta kusa kashe 'yarta ba ta da ta cewa a kan abin da za a sa a ƙarƙashin riga.

Kai take ji. Tun tana ƙarama in aka ce Kawu Torgeir ya ce, magana ta ƙare. Ina roƙonka ka kira ta kafin Asabar. Kada ka yi mata faɗa, kada kuma ka yi mata barkwancin nan naka da kake yi in abu ya tsorata ka. Ka tambaye ta me ta zaɓa, ka gaya mata wadda kai za ka sa da kai ne. In mai kaurin ce, ka sa ta yi maka alkawari za ta shiga da ita a nan cikin tasha inda ruwa bai fi mita uku ba, ta ɗaga kafaɗa sau goma ta ga kumfa na fita da idonta, ta daidaita dalmar da tukunyar da ta kusa ƙarewa, ba da ka ba. Wannan a bakin Oddvar na tsinta, in na faɗa ba daidai ba ka gyara. Wataƙila in ta ga iskar na fita a inda ƙafarta ke iya taɓa ƙasa, tsoron zai sake ta. In ta tambaye ka wa ya gaya maka, ka ce ni ce. Na gaji da yin shiru a gidan nan.

Jiya da rana na ɗauko suwaitar zan warware ta. Na samo bakin zaren a wuya na fara ja, sai ga Ingunn ta shigo daga ɗauko Tuva a makaranta. Ta tura yarinyar ɗaki, ta zo ta riƙe mini hannu. Na ce ta bar ni, wannan abin bai kamata ya kwana a gidan nan ba. Ta ce, Mama, ni na sa da hannuna, kuma na san abin da nake latsawa a kafaɗar nan tun a tasha. Na ce ai ni na tsaya miki a kai. Ta ce e, kin tsaya. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, kuma wallahi hakan ya fi mini sauƙi da a ce ta musa. Sannan ta ce ta yi magana da Oddvar, akwai wuri a jirgi ran Litinin, tana so in bi su. Ta ce in zo da suwaitar, ba za ta shiga ruwa da ita ba, in riƙe mata a hannu, in ta fito ni zan sa mata. Rabona da hawa jirgin kamun kifi tun rasuwar Halvard. Na ce to. Yanzu ina ta tunanin minti arba'in ɗin nan da zan yi a tsaye a gefen jirgi, da ulu a hannuna, ina kallon kumfa na tasowa, ban san me ta sa a ƙarƙashin rigar ba sai abin da ku biyu kuka yanke.

Ka gaida Maureen, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso ba ta fashe ba. Ka gaida Eirik da matarsa, da Kaja, da ƙaramin da ban gani ba tukuna sai a hoto. Gudveig na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran gudumar da ka ara kafin ka tafi. Tuva ta ce a gaya wa Kaka na Ostireliya haƙoranta biyu sun fita. Allah Ya tsare mana ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Na ɗinke wuyan da na fara warwarewa, na wanke ta sau biyu da ruwan ɗumi. Gishirin ya fita, shatin bawul ɗin bai fita ba. Ka kira ta, Yaya.

Ƙanwarka,
Ragnfrid